Yadda za ka kalli fitilun duniya daga sama, ka kuma gane Zara da maƙwabtanta

Kowane dare, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi, wani tauraron ɗan Adam mai suna Suomi NPP yana ratsawa ta saman yankinmu daga nisan kilomita 824, yana ɗaukar hoton duk wani abu mai haske a doron ƙasa. Tun watan Oktoban 2011 aka harba shi. Hukumar NASA ta Amurka tana saka hotunan a intanet kyauta, sa'o'i kaɗan bayan an ɗauka, kuma mai waya a Funtuwa ko Tasawa yana iya buɗe su yadda malamin jami'a a Landan zai buɗe.

Aiki biyu za mu yi a nan: kallon ƙasa daga sama, sannan kallon sama daga ƙasa. Da na farkon za mu fara, domin taswirar dare ce za ta nuna maka inda duhu yake a kusa da garinku, kuma mai kallon sama ba shi da jarin da ya wuce duhu. Kada ka sayi komai tukuna. Waya, data, da idanunka sun ishe ka na watanni.

Buɗe taswirar dare

Ka nemi shafin NASA Worldview. Ya fi daɗin aiki a kwamfuta, amma yana buɗewa a waya, sai dai yana cin data, don haka ka bari sai ka samu wifi ko garaɓasar dare. Da ka shiga za ka ga hoton duniya na rana. Danna maɓallin Add Layers, ka rubuta Black Marble a wurin bincike. Za a nuna maka kashi biyu, kuma ka riƙe bambancinsu da kyau.

Kashi na farko hoto ne da aka harhaɗa daga darare masu yawa, aka tsince gajimare da hasken wata, aka bar fitilu zalla. Akwai na 2012, akwai na 2016. Shi ne mai kyan nan da ake gani a bangon mujallu, kuma da shi za ka fara. Kashi na biyu, mai ɗauke da kalmomin Day/Night Band a sunansa, hoton kowane dare ne yadda ya zo, da gajimarensa da hazonsa. Idan shi ka zaɓa, akwai wurin kwanan wata a ƙasan shafin inda za ka koma kowace ranar da kake so.

Kafin ka garzaya neman garinku, ka fara horar da idonka a wuraren da ba su da ruɗani. Je Masar. Kogin Nilu zai fito maka a matsayin zare ɗaya mai haske daga Aswan zuwa Alƙahira, sannan ya baje kafin ya kai teku, hagu da dama kuwa baƙi ƙirin. Kusan kashi 95 cikin ɗari na Misirawa a gaɓar kogin suke zaune, hoton kuma bai ɓoye hakan ba. Daga nan ka je yankin Koriya: Kudu tana walƙiya, Arewa duhu, sai ɗan ɗigon Pyongyang. Idan ka gane waɗannan biyun, ka dawo gida.

Legas ce za ta fara ɗaukar idonka, da hanyar da ta miƙa zuwa Ibadan. Ka haura arewa ka samu Abuja, sannan Kaduna, Zariya, Kano, a jere bisa hanya ɗaya. Daga Kano ka lalubo Katsina, ka tsallaka Maraɗi. Ka nemi Damagaram, Sakkwato, Yamai. Arewa da Agadas sai ɗigon Arlit da 'yan tsiraru, sauran duk Sahara ce. Daga wannan nisan garuruwanmu kamar garwashin da aka watsar a tsakar gida suke, wani na ci sosai, wani ya kusa mutuwa.

Abin da hoton ke faɗa, da abin da ba ya faɗa

A nan mutane suka fi yin kuskure, don haka mu ɗan zauna.

Na farko, ba kowane haske ne gari ba. Ka sauka yankin Neja Delta, kusa da Fatakwal da Warri, za ka ga ɗigogi masu ƙarfin gaske, wasu a tsakiyar ruwa inda ba kowa. Iskar gas ce ake ƙonawa a rijiyoyin mai, kuma wasu daga cikinsu sun fi garuruwan da ke kusa da su haske. Irin wannan za ka gani a kudancin Iraƙi da hamadar Aljeriya. A tekun da ke tsakanin Koriya da Japan kuwa jiragen masunta ne ke kunna manyan fitilu don janyo abin kamu. A namu yankin, tsakanin Disamba da Janairu, za ka ga ƙananan ɗigogi birjik daga arewacin Ghana har zuwa kudancin Chadi. Ƙunar daji ce. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: matsa kwanan wata gaba da dare ɗaya ko biyu. Gari yana nan inda yake, wutar daji kuwa ta yi gaba ko ta mutu.

Na biyu, duhu ba ya nufin ba mutane. Karkarar Kano da Katsina da Jigawa tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, amma a hoton nan kusan ba ta fito ba. Ka tuna lokacin ɗaukar hoton. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare mai shayi ya tashi, an kashe janareta, batirin sola ya yi sanyi, kuma ƙwan da ke cikin ɗaki ba ya haska sama. Abin da tauraron ya fi gani shi ne fitilun titi, na gidajen mai, na masana'antu da filayen jirgi. Masana tattalin arziki suna amfani da waɗannan hotuna wajen kimanta bunƙasar garuruwa, amma su ma da taka-tsantsan suke yi, saboda wannan dalilin.

Na uku, kada ka wahalar da kanka neman gidanku. Kowane ɗigo ɗaya a hoton ya rufe fili mai faɗin mita 500 zuwa 750. Unguwa guda ce a cikin ƙwayar haske ɗaya. Haka kuma na'urar ba ta ganin shuɗin haske sosai, saboda haka garin da ya sauya fitilun titinsa daga jajayen nan na da zuwa farare na LED yana iya bayyana kamar ya dushe, alhali a ƙasa haske ya ƙaru.

Sai batun wata. A daren sha huɗu, hoton kullum yana nuna gajimare da rairayin hamada fes, saboda farin wata. Idan fitilu kaɗai kake so, zaɓi dare daga 27 ga watan Musulunci zuwa 3 ga mai kamawa, kuma a lokacin rani. Da damina gajimare yakan rufe komai.

Idan hannunka ya faɗa, gwada maɓallin Start Comparison. Yana raba allon gida biyu, ka sa shekara ɗaya a hagu, wata a dama, kana jan layin tsakiya. Gwada shi a gefen Abuja, wajen Lugbe, Kubwa da Mararaba, ka ga yadda gari ke cin daji. Da irin wannan kwatancen aka bibiyi yadda wuta ta ɗauke a tsibirin Puerto Rico bayan guguwar Maria a 2017, da yadda ta riƙa dawowa unguwa-unguwa.

Kafin ka rufe shafin, yi abin da ya kawo mu: duba garinku, ka ga ta wace kusurwa haske ya fi saurin yankewa. Ka riƙe sunan wannan hanyar.

Hotunan 'yan sama jannati

Mai son ganin tituna da launin fitilu sai ya koma ga hotunan da mutane suka ɗauka da hannu daga Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ISS. Nisanta daga ƙasa kusan kilomita 400 ne, tana gudun kilomita 28,000 a sa'a, tana kewaye duniya cikin kusan minti 90. Tun Nuwamban 2000 ba a taɓa barin ta ba kowa a ciki ba. Wannan gudun ne ya sa hoton dare ke da wuyar ɗauka, domin kafin kyamara ta tara haske gari ya wuce. A 2003 ɗan sama jannati Don Pettit ya harhaɗa wata 'yar na'ura da tarkacen da ke cikin tashar, wadda ke juya kyamara tana bin ƙasa, daga nan hotunan birane suka fara fitowa tsaf.

Taskar hotunan tana shafin Gateway to Astronaut Photography of Earth. Ka nemi Makka da dare: Harami fari tas a tsakiya, duwatsun da ke kewaye baƙaƙe, hanya ta miƙa zuwa Jidda. Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ɗauki bidiyon Makka da Madina daga tashar a watan Ramadan na 2023. Ka kuma nemi iyakar Indiya da Pakistan, wadda fitilun tsaro suka mayar da ita dogon layi ruwan lemo. Akwai bidiyon kai tsaye daga tashar a YouTube, amma idan tana ɓangaren dare yawanci baƙin allo za ka tarar. Ban ga amfanin ƙona data a kansa ba.

Ganin tashar da idonka

Wannan shi ne mafi sauƙi a duk jagorar, kuma shi ya fi burge yara. Sauke manhajar Spot the Station ta NASA, ko ka shiga shafin Heavens-Above, ka sa sunan garinku. Za a ba ka lokaci, tsawon mintunan da za ta yi, kusurwar da za ta ɓullo, da iyakar tsayin da za ta kai a ma'aunin digiri. Zaɓi ranar da tsayin ya haura digiri 40. Ƙasa da haka gidaje da bishiyoyi za su tare ka.

Awon digiri ba ya bukatar na'ura. Miƙa hannunka sosai ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Dunƙule tara daga gindin sama suna kai ka tsakar ka.

Ana ganin tashar ne bayan magariba ko kafin asuba kawai, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana tana haska ta a can sama. Fita minti biyar kafin lokaci. Za ka ga farin haske mai ƙarfi yana tafiya a natse, daga ɓangaren yamma zuwa ɓangaren gabas, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Idan yana ƙyafta ja da kore, jirgin sama ne. Sau da yawa za ka ga ta dushe ta ɓace tun ba ta kai ƙarshen sama ba. Ta shiga inuwar duniya ne. Duk abin bai wuce minti shida ba, don haka mai cewa bari in sa takalmi ya rasa.

Shirin fita kallon duniyoyi

Cikin duniyoyin da ke kewaya rana kamar tamu, biyar ake gani da ido: Zara, wadda manhaja za ta rubuta maka Venus, Mushtari, wato Jupiter, Mars, Zuhal, wato Saturn, da Uɗarid, wato Mercury. Sauke manhajar Stellarium, mai nuna taswirar sama, ka ba ta izinin sanin inda kake. Kafin ka yarda da ita, ɗaga wayar ka nuna wata. Idan inda ta zana watan ya saɓa da inda yake, kamfas ɗin wayar ne ya rikice: matsa daga ƙofar ƙarfe ko mota, ka juya wayar a iska kana zana lamba 8. Kuma kada ka ɗauki alƙiblar masallaci a matsayin gabas sak. A ƙasar Hausa alƙibla ta karkata arewa da gabas, kuma karkatar ta isa ta sa ka nemi abu inda ba ya nan.

Game da lokaci, mafi kyan sama a wurinmu ita ce ta ƙarshen damina da kaka, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke ƙura, hazo bai sauko ba. Da hunturu ba gajimare, amma hazo yakan cinye duk abin da ke ƙasa-ƙasa, sai na tsakar ka. Ko a tsakiyar damina, daren da aka yi ruwa da la'asar aka ɗauke yakan ba da sama garau.

Su duniyoyin nan suna da haske sosai, ana ganinsu daga tsakar gida a cikin birnin Kano, balle in an ɗauke wuta. Wurin duhun da ka gano a taswira na ranar da kake son ganin sauran taurari ne. In za ka je, ku tafi ku uku ko huɗu, ku tsaya a gefen gari inda aka san ku, ku sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri. Mutum a duhu da dogon bututu bisa ƙafafu uku yana iya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya so. Inda tsaro bai inganta ba, soron gida ya wadatar. Sa takalmi rufaffe saboda kunama. Ba idonka minti ashirin ya saba da duhu, ka kunna jan allon da ke cikin Stellarium, domin farin hasken waya yana ɓata wannan sabon nan take.

Yadda za ka bambanta duniya da tauraro: tauraro yana ƙyalƙyali yana rawa, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. Sannan duk biyar ɗin hanya ɗaya suke bi, wadda rana da wata ke bi daga gabas zuwa yamma. Mu da muke kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, wannan hanyar tana bi ta kusa da tsakar kanmu, abin da mutanen Turai ba su samu ba. Wanda ya fi ruɗar sabon shiga shi ne Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi, mai fitowa kudu maso gabas a dararen hunturu. Yana da haske ƙwarai, amma ka lura da yadda yake walƙiya yana sauya launi.

Ɗaya bayan ɗaya

Fara da Zara. Bayan rana da wata ba abin da ya kai ta haske, kuma duk mai fita duban jinjirin wata ya sha ganinta a yamma. Ba ta nisantar rana fiye da digiri 47, dunƙule biyar ba kaɗan, shi ya sa ba za ka taɓa ganinta a tsakar ka da tsakar dare ba. Takan yi wata takwas zuwa tara tana fitowa da magariba, ta ɓace kwanaki kaɗan, sannan ta dawo ta gabas kafin asuba. Gamzakin da masu sammako ke gani ita ce dai. Zagayen gaba ɗaya kwana 584 ne. A madubin hangen nesa za ka ga ba kullum take a cike ba: wani lokaci rabi, wani lokaci siririya irin jinjirin wata, kuma a lokacin da take siririyar ne ta fi kusa da mu, kusan kilomita miliyan 40. Haskenta daga farin gajimaren da ya lulluɓe ta yake. A ƙarƙashinsa zafi ya haura digiri 460 a ma'aunin Celsius.

Mushtari ce ta fi biyan mai kallo. Duk wani farin haske mai ƙarfi marar rawa da ka gani can sama da tsakar dare, kusan tabbas ita ce. Samu madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa. Kada ka riƙe shi a iska. Dafa gwiwar hannu a katanga ko rufin mota, ka riƙe numfashi. Za ka ga ɗan farin faifai, da ƙananan ɗigogi a jere a gefensa, biyu, uku ko huɗu. Watanninta ne: Io, Europa, Ganymede da Callisto, waɗanda Galileo ya gani a Janairun 1610. Zana yadda suke a takarda, gobe ka sake dubawa, za ka tarar sun sauya wuri. Io, na kusa da ita, yana gama kewayensa cikin ƙasa da kwana biyu. Idan uku ka gani, na huɗun yana gabanta ko bayanta.

Mars tana bukatar haƙuri. Yawancin lokaci ƙaramin ɗigo ce ja-ja da ba ta da wani armashi. Duk wata 26 ne muke matsowa kusa da ita, sai ta yi haske ta kwana a sama. An yi haka a Janairun 2025, na gaba kuma Fabrairun 2027. A irin wannan lokacin ka riƙa lura da matsayinta tsakanin taurarin da ke kewaye da ita, mako-mako. Za ka ga ta tsaya, ta koma da baya na makonni, sannan ta ci gaba. Mu ne muke wuce ta, domin hanyarmu ta kewaya rana tana ciki da tata. Akwai wani jan tauraro, Aldebaran, kusa da Kaza da 'Ya'yanta, da ake yawan ɗauka Mars ne. Gwajin ƙyalƙyali zai raba gardama.

Zuhal da ido ɗigo ce mai ɗan rawaya. Zoben da ya kewaye ta ba ya fitowa sai an ninka girma sau 30 ko fiye. A Maris ɗin 2025 zoben ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, kuma yana ƙara buɗewa shekara-shekara har zuwa wajen 2032.

Uɗarid kuwa 'yar ɓuya ce. Makonni kaɗan take bayyana, ƙasa-ƙasa, cikin jan almuru ko na alfijir. Bari manhaja ta gaya maka ranar, ka nemi fili marar bishiya. Ka jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ka ɗaga madubi wajen, domin ko ƙyaftawa ɗaya ta hasken rana ta cikin madubi tana iya makantar da ido har abada.

In ka kai ga sayen na'ura

Bayan wata biyu ko uku kana fita, idan sha'awar ba ta kwanta ba, sai a yi maganar na'urar hangen nesa. Abin dubawa shi ne faɗin gilashin gaba, kada ya gaza milimita 70, da kuma ƙafafun da ba sa rawa. Kwalin da aka rubuta 600x da manyan baƙaƙe yaudara ce: iyakar ninkin da na'ura za ta ba ka da tsabta bai wuce ninki biyu na faɗin gilashinta a milimita ba, wato mai 70 ta tsaya a 140. Tun gari da haske, saita ɗan ƙaramin madubin da ke samanta a kan hasumiyar masallaci ko turken sadarwa mai nisa, don kada ka sha wahala da dare. Fara da ƙaramin ninki ka samo abin, sannan ka ƙara. Za ka ga duniyar tana zamewa daga gilashin cikin minti ɗaya ko biyu saboda juyawar ƙasa, sai ka riƙa bin ta a hankali. Da ka gama, rufe gilashin ka sa na'urar a leda ko akwati. Idan ƙurar hunturu ta hau, hure ta da ɗan famfon roba irin na masu gyaran kyamara. Kada ka goge da bakin riga, rairayin da ke cikin ƙurar yana karce gilashi.